Sannunku da Aiki, Sarakunan Ruwan Amurka

Mai son ganin iyakar inda basirar ɗan Adam ta kai, ya ƙyale zancen zuwa duniyar wata. Ya nufi jihar Fensilbaniya ta Amurka ranar Asabar ɗin farko ta watan Afrilu, ranar da ake buɗe kamun kifin tirawut. Ƙarfe takwas na safe doka ta ce a jefa ƙugiya, amma tun duku-duku bakin rafuka ya cika maƙil, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa da sandar fatsarsa, da wandon roba har ƙirji, da lasisin da ya biya. Babu wanda gabansa ke faɗuwa ko akwai kifi a ruwan. Akwai shi. Hukuma ce ta kawo shi a mota kwanakin baya, ta kuma sanar a intanet rafin da za ta zuba, da ranar, da inda za a haɗu da motar. Manyan tirawut kimanin miliyan 3.2 hukumar kifi ta jihar ke zubawa duk shekara. Jiha guda ke nan.

Tirawut kifin ruwan sanyi ne, ɗan uwan salmon, mai son ruwa garai-garai da ke gudu a kan tsakuwa. A ruwanmu mai ɗumi ba zai kwana biyu ba. Wanda aka fi zubawa shi ne mai jan ratsi a gefe, wanda suke kira mai bakan gizo. Masu kama shi kuma ba masunta ba ne irin waɗanda muka sani, masu ci da iyali da koma da gora. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan fansho, masu neman nishaɗin ƙarshen mako. Mutum mai wannan matsayi, bayan ya biya kuɗinsa, ai bai dace ya wuni a bakin ruwa ya koma gida hannu rabbana ba. Wannan gaskiyar hukumomin kifi na Amurka suka gano tun da daɗewa, a kanta kuma suka gina aikinsu. Allah Ya saka musu.

A da wahalar banza ake sha. Sai mutum ya san ruwa, ya san lokacin da ƙwari ke tashi a kansa, ya san gindin dutsen da kifi ke laɓewa, ya kuma iya sanɗa, don kifin kogi da ya hango inuwa sai ya yi layar zana. Kifi na ganinka mai jar koma. To wannan rashin kunyar ta kifi an yi maganinta tun daga ƙwai. A gidan ƙyanƙyasa ma'aikaci zai ɗago mace wadda cikinta ya cika, ya riƙe ta a bakin roba, ya bi cikin da babban yatsa daga ƙirji zuwa wutsiya, ƙwai masu ruwan goro su kwararo. Ya ɗauko namiji ya matse shi a kai, ya gauraya, ya ɗauraye, shi ke nan an ɗaura aure an tare. Macen tirawut a kogi takan ɓata kwanaki tana tonon gurbi a tsakuwa da wutsiya, maza na faɗa a kanta. Ma'aikaci kuwa cikin minti guda ya gama da ita, ya miƙa hannu ya ɗauko ta gaba.

'Ya'yan a dogayen tankunan siminti suke tasowa, dubbai a cunkushe, ruwa na shiga ta nan yana fita ta can. Abincinsu 'yan dunƙule-dunƙule ne da aka haɗa da garin kifin teku da mansa da waken soya da alkama. Wato sai an kamo ƙananan kifaye a teku an niƙa kafin a sami wanda za a zuba a rafi, kuma sunan wannan ƙara yawan kifi. Shekara guda da 'yan watanni sun kai tsawon santimita 28. Ɗauki ɗaya ka duba da kyau: fikafikansa sun cinye saboda gogar siminti da cizon 'yan uwa, wutsiyar ta dakushe, launin ya koɗe. Amma tarbiyya kam ya samu. Da ma'aikaci ya tsaya a bakin tanki sai ka ga ruwan ya tafasa, kowa ya taso sama baki buɗe. Halittar da aka yi ta da gudun inuwar mutum an koya mata cewa inuwar mutum ita ce abinci. Wace makaranta ce ta taɓa sauya ɗalibi haka?

Ranar zubi mota mai tankuna ke zuwa, ana hura wa kifin iskar oksijin a hanya kada ya galabaita. A bakin gada 'yan sa-kai na jira da bokitai. A kamfato da raga a cika bokiti, mutum ya ruga da shi gaɓa ruwa na fallatsa masa a wando, ya watsa, ya dawo a ƙara. Inda hanya ta kai bakin ruwa ma ba a wannan wahalar, bututu ake saƙalawa a buɗe. A bayan motar kuwa, idan an riga an buɗe kamu, jerin gwanon motocin masu fatsa ne, suna biye da ita daga gada zuwa gada. Wasu kan yi wa waɗannan mutane kallon marasa ta-ido. Ni ban ga laifinsu ba, su ne ma suka fi kowa fahimtar tsarin. Kamfanoni kuma ba su bar su haka ba, sun haɗa musu wani abu mai danƙo da ƙamshi, ruwan hoda ko ruwan ɗorawa, irin PowerBait, wanda kifin da ya tashi da cin dunƙule ba ya iya wuce shi.

Mai baƙin ciki zai ce wannan daidai yake da a kwaso kajin gidan gona dubu a sake su a dawa, a kaɗa gangar farauta, gwanaye su fito da bindiga da karnuka. To sai me? Kowa ya koma gida da nama, babu wanda ƙaya ta soka, yara sun yi murna. Wanda ya tsira daga ƙugiya kuma ba ya zama matsala. Bai iya neman ƙwari ba, bai san ya tsaya inda ruwa ba shi da ƙarfi ba, bai san zalɓe ba balle ya ɓuya masa, in zafi ya shigo rafin ya ɗumama kuma sai ya cika. Akasarinsu ba sa ganin wata shekarar. Nan ma akwai hikima, don da suna rayuwa su hayayyafa, me motar za ta kawo baɗi?

Don a san ba da ka ake aikin ba, a dubi yadda kuɗin ke zagayawa. Hukumomin kifi na jihohi da kuɗin lasisi suke rayuwa. Ban da wannan, tun 1950 akwai dokar tarayya da ake kira Dingell-Johnson, wadda a ƙarƙashinta ake karɓar harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa a raba wa jihohi. Kashi 60 na rabon bisa yawan masu lasisi ne, 40 bisa faɗin jiha. Kifi ya jawo mai lasisi, mai lasisi ya jawo kuɗi, kuɗi ya ƙyanƙyashe kifi. Anders Halverson, masanin muhalli da ya wallafa littafi kan tarihin mai bakan gizo a 2010, ya nuna cewa wannan kifi kaɗai kusan miliyan 100 ake zubawa a ruwayen Amurka duk shekara. A wannan lissafi, duk halittar da babu mai sayen lasisi dominta, ba ta da uwa a gindin murhu.

Abin ba yau ya faro ba. A 1857 George Perkins Marsh ya rubuta wa jihar Bamont rahoto kan dalilin ƙarewar kifi a kogunanta. Bai ɓoye komai ba: madatsun ruwa, injinan yankan katako da ke juye garin katako a kogi, sare dazuzzuka, da kamun wuce gona da iri. Sai dai ya san mutanensa, ya san ba za su yarda a taka musu birki ba, don haka ya karkata ga shawarar a riƙa ƙyanƙyasar kifi ana zubawa. Wane magani ya kai wannan daɗi? Mai inji ya ci gaba da juye shararsa, mai madatsa ya riƙe madatsarsa, mai fatsa ya sami kifi, ɗan majalisa ya sami abin nuna wa mazaɓarsa. Kogin ne kawai ba a tambaya ba.

A 1871 aka kafa hukumar kifi ta tarayya a ƙarƙashin Spencer Baird. Shekara ta zagayo ya tura Livingston Stone, wani limamin coci da ya bar wa'azi ya kama kiwon kifi, zuwa kogin McCloud a arewacin Kalifoniya, ƙasar ƙabilar Wintu, waɗanda da salmon na kogin suke rayuwa tun kaka da kakanni, da hannuwansu kuma aka yi yawancin aikin. Da ƙwan salmon aka fara, daga baya aka shiga na mai bakan gizo. A jera ƙwai cikin gansakuka, a ɗora ƙanƙara, a saka a jirgin ƙasa ko na ruwa. Kifin da asalinsa kogunan da ke kwarara tekun Fasifik ne sai ga shi a Jamus da Japan, a Niyu Zilan tun 1883, a Chile, a Afirka ta Kudu, a tsaunukan Kenya. Yau babu nahiyar da babu shi in ban da Antatika, har Ƙungiyar Kare Muhalli ta Duniya ta saka shi cikin jerin baƙin halittu 100 da suka fi ɓarna a doron ƙasa. Ba kowane kifi ke samun irin wannan lambar girma ba.

Wurin da Stone ya kafa sansaninsa yau yana ƙarƙashin tafkin madatsar Shasta da aka kammala a 1945, tare da ƙauyukan Wintu. Madatsar ta toshe wa salmon hanyar hawa McCloud ɗungurungum. Kada kowa ya damu, an biya diyya: a 1997 an buɗe gidan ƙyanƙyasa a gindin madatsar don ceto ragowar salmon ɗin, aka kuma raɗa masa sunan Livingston Stone.

Amma gagarabadau cikin ayyukan waɗannan gwanaye shi ne na kogin Green, a watan Satumban 1962. Ana gab da rufe madatsar Flaming Gorge a jihar Yuta, kusa da iyaka da Wayomin. Za a sami ƙaton tafki, ga ruwa mai sanyi da zai riƙa fita ta ƙasan madatsa, abin da tirawut ke so. Matsala ɗaya ce, kogin da masu shi a ciki. Akwai wani mai farautar 'yan uwansa da kan kai tsawon mutum, akwai mai ƙusumbi, akwai mai tozo mai kaifi a bayan kai, akwai mai siririyar wutsiya. Miliyoyin shekaru suka yi suna sabawa da ruwan laka da ambaliyar kogin Kolorado da rassansa, babu kuma inda ake samunsu a duniya sai can. Laifinsu shi ne ba sa burge mai fatsa. A bakin ma'aikata sunansu kifin shara. Tare da su akwai kifin kaf, wanda shi ne ma aka fi jin haushi, shi kuwa baƙo ne daga Turai, hukumar Baird ce da kanta ta yi ta rarraba shi a faɗin ƙasar tun ƙarshen shekarun 1870, tana tallansa a matsayin abincin talaka.

Sai hukumomin Wayomin da Yuta, da kuɗin tarayya, suka jera tashoshin ɗiga guba a bakin ruwa. Kwana uku ana ɗigawa, fiye da galan 20,000 na rotinon, a kan kimanin kilomita 700 na kogin da rassansa. Rotinon ba baƙonmu ba ne. Irinsa ne ke cikin magimfa, wadda masuntanmu suka san idan aka daka aka zuba a gulbi kifi zai taso yana haki, don gubar ta mashaƙarsa take shiga ta hana jikinsa amfani da iskar da ya shaƙa. A Najeriya doka ta hana kamun kifi da guba, wanda aka kama kuma jahili ne mai ɓarna. Bambancin a fili yake. Shi rami guda ya zuba wa, da hannu, don ya ci. Su kuwa kogi guda suka zuba wa, da digiri, da kasafin kuɗi, kuma a takardu sunan aikin gyaran kogi.

Masana irin su Robert Rush Miller na Jami'ar Mishigan sun yi ta roƙon a dakata tun kafin a fara. Aka kwantar musu da hankali cewa an tanadi makari. A wata gada da ke sama da gandun tarayya na Dinosaur za a riƙa zuba sinadarin da ke kashe ƙarfin gubar, ba za ta wuce nan ba. Ta wuce. Kifaye suka yi ta mutuwa a cikin gandun da doka ta ce ko tsinke ba a taɓawa. Sakataren harkokin cikin gida na lokacin, Stewart Udall, ya nuna takaici, ya ce nan gaba sai an yi nazari kafin a ƙara irin wannan. Masu aikin suna da amsa mai ƙarfi, a kuma ba su gaskiyarsu: ruwan sanyin madatsar da ma zai kori 'yan asalin daga wannan yanki. Wato sun dai rage musu jiran ajali ne. Kaf ɗin da aka yi don shi kuwa, har gobe yana nan cikin tafkin.

Shekara biyar kacal bayan haka, a 1967, biyu cikin kifayen sharar nan suka shiga jerin farko na halittun da ke gab da ƙarewa a Amurka. Mai siririyar wutsiya ya biyo baya a 1980, mai tozo a 1991. A 1988 aka kafa gagarumin shirin ceto su, wanda har yau ake kashe masa miliyoyin daloli. Ta yaya ake ceton? Akwai gidan ƙyanƙyasa na tarayya a Ouray, a bakin wannan kogi na Green, inda ake kiwon mai tozo da mai siririyar wutsiya a zuba. Mai neman sana'ar da ba ta mutuwa ya zo ya ɗauki darasi.

Inda babu 'yan asalin da za a kashe ma ba a yi ƙasa a gwiwa ba. A tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya akwai dubban tafkuna, kuma kusan duk waɗanda ke sama da mita 1,800 ba su taɓa sanin kifi ba tun da ƙanƙarar zamanin da ta janye, saboda magangarun ruwa sun hana shi hawa. Ruwa zau-zau ba kifi, ai asara ce. Makiyaya da masu haƙar ma'adinai suka fara kai shi a gwangwani, hukuma ta ɗora da alfadarai, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka koma jirgin sama. Har yau Yuta na yi, hotunan aikin kuma sun zagaya duniya: ƙaramin jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa tsakanin duwatsu, cikinsa ya buɗe, farin feshi ya biyo bayansa, a cikin feshin 'yan kifaye da ba su fi tsawon yatsa ba suna wulƙitawa a iska. Har 35,000 jirgin kan ɗauka a tashi guda, hukumar kuma ta ce kimanin kashi 95 cikin 100 na tsira daga faɗuwar. Tsakani da Allah abin kallo ne.

Ashe tafkunan na Sierra ba kango ba ne. Akwai wani kwaɗo mai ɗorawar ƙafa da ya cika su, wanda ɗansa kan yi shekara biyu zuwa huɗu a ruwa kafin ya zama kwaɗo, don haka sai tafki mai zurfi da ba ya daskarewa har ƙasa, irin wanda aka zaɓa wa tirawut. Baƙo ya zo da yunwa, ya tarar da abinci a shimfiɗe. Kwaɗon ya ɓace daga fiye da kashi 90 cikin 100 na wuraren da aka san shi. Wata cutar fata ita ma ta taimaka, kada a ba kifi ladan duka. Masu bincike irin su Roland Knapp da Vance Vredenburg suka nuna cewa tafkin da aka kwashe wa kifi, kwaɗi kan dawo su cika shi cikin 'yan shekaru. Sai a 2007 wata kotu a Sakaramento ta tuna wa hukumar Kalifoniya cewa shekara ɗari da ɗori tana zuba kifi ba ta taɓa zama ta rubuta nazarin illarsa ga muhalli ba. Wa ke da lokacin rubutu ga aiki a gaba? Yanzu ana biyan matasa su hau tsauni da raga a baya, su yi shekaru suna tsamo jikokin kifin da aka biya matuƙa jirgi suka jefa.

Motar zubi kuma ba ta da rowa, duk abin da ke cikin tanki tana rabawa. Akwai wata cuta da ta fito daga Turai, ƙwayarta na cin guringuntsin ɗan kifi, wutsiyarsa ta yi baƙi, bayansa ya karkace, ya dinga juyi yana bin wutsiyarsa har ya mutu. A shekarun 1950 ta ɓulla a gidan ƙyanƙyasa a Fensilbaniya, a 1987 aka gan ta a Kolorado. Gwanayen Kolorado suka duba suka ce wannan matsalar tanki ce, a kogi ba za ta yi tasiri ba, suka ci gaba da zuba kifin da ya kamu har tsawon shekaru. Kafin tsakiyar shekarun 1990 ƙananan masu bakan gizo sun ɓace daga manyan kogunan jihar. Ka ji yadda aka ɓullo wa abin. Aka gano wani gidan kiwo a Bavariya ta Jamus, na iyalan Hofer, inda jikokin ƙwan da aka kai daga Amurka tun ƙarni na 19 suka daɗe da cutar har suka saba da ita. Sai aka sake ɗauko su aka dawo da su gida, aka haɗa su da na Kolorado. Ƙwai ya tafi, cuta ta zo, ƙwai ya dawo, kowace tafiya da kuɗin jirginta.

Kolorado ɗin dai tana da nata tirawut na asali mai koren baya, wanda ta naɗa kifin jiha a 1994, ta kuma yi shekaru da dama tana kiwonsa tana mayarwa rafuka don ceto shi daga baƙin da aka cusa masa. A 2007 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna yawancin abin da ake ta ceton ba shi ba ne, ɗan uwansa ne daga ɗaya gefen tsauni, wanda magabata suka rikita wa mazauni tun zamanin gwangwani. A 2012 aka tabbatar na ainihin sun rage a ɗan rafi guda, Bear Creek, kusa da Kolorado Sifirins, ba su kai 1,000 ba. Can ɗin ma ba garinsu ba ne, wani ne ya kai su a ƙarni na 19. Masu zubi suna iya bugun ƙirji da wannan, an ba su.

Ganin baƙo na lalata zuriyar 'yan gida ta hanyar barbara, sai aka zo da dabara mafi tsabta. 'Yan mintuna bayan an haɗa ƙwai, a zuba shi a tukunyar ƙarfe a matse da ƙarfin gaske, sai kifin ya fito juya, ba ya haihuwa har abada. Jihar Aidaho irinsa take zubawa, Ingila ma tun 2015 ta ce irinsa za a riƙa zubawa a kogunanta in ba daga iyayen wurin aka samo ƙwan ba. Ga kifi ba gado ba magaji, sai ci da ƙiba da jiran ƙugiya. Bajiniya ta Yamma kuwa ado ta sa a gaba. A 1955 aka ga wata mace guda mai dabbaren ruwan zinariya a gidan ƙyanƙyasa na Petersburg, aka yi ta tace zuriyarta har aka sami kifi rawaya shar, aka zuba shi a 1963 don bikin cikar jihar shekara 100. Daga kan gada kana hango shi yana ƙyalli, mikiya ma haka. Yanzu har kwanaki na musamman ake warewa na zubinsa, a maƙala wa wasu lamba, wanda ya kamo ya je ya karɓi kyauta.

Sai dai kowane gida da ɗan kuka. A ƙarshen shekarun 1960 wani matashin ma'aikacin hukumar kifi ta Montana, Dick Vincent, ya rasa abin yi sai ƙidayar kifi a kogin Madison, yana sumar da su da lantarki yana aunawa yana saki. Ya lura an ƙara ruwan da ake saki daga madatsa, kifin da aka haifa a kogi ya ƙaru a wani sashe, a wani sashen kuma shiru. Bambancin sassan biyu guda ne, a na biyun ake zubi. A 1970 ya sa aka dakatar da zubi a wannan sashe, aka kuma fara zubi a wani ɓangare na rafin O'Dell da ba a zubawa. Mutanen garin Ennis, waɗanda cinikinsu ya dogara da masu fatsa, suka yi masa ca, kuma da gaskiyarsu, wa ya taɓa jin an ƙara kifi ta hanyar daina ƙara kifi? Sakamako ya fito ba kunya: inda aka daina, haifaffun kogi suka ninka har da ɗori, inda aka fara, suka ragu da kusan rabi. Ashe 'yan tanki, da rashin sanin ya kamata, cunkushe 'yan gida suke yi, su tashe su daga maɓoyarsu, sannan su ma su mutu.

Maimakon a binne wannan takarda a ƙasan durowa yadda hankali ya tanada, sai Montana ta ɗauke ta da gaske. A 1974 ta daina zuba kifin tanki a koguna da rafukan da tirawut ke haihuwa da kansa, ta mayar da gidajen ƙyanƙyasarta ga tafkuna. Kada a zaƙe wajen yabonta ko zaginta, haifaffun Madison ɗin ma jikokin baƙi ne, cutar juyin nan kuma ta same su a 1994 ta yi musu mugun ta'adi kafin su farfaɗo. Abin da jihar ta jawo wa ma'aikatanta shi ne aikin da ba shi da ranar biki: bin dokar 1963 da ta 1975 masu hana a miƙar da rafi ko a yashe shi yadda aka ga dama, jayayya da manoma kan ruwan da za a bar wa kogi lokacin fari, kafa shinge kada shanu su tattake gaɓa, rufe kamu da rana in ruwa ya yi ɗumi. Ba jirgi, ba bokiti, ba hoton gwamna.

Ga kuma wulaƙancin da baƙo ke sha. Mutum ya taso tun daga Niyok, ya biya jirgi, ya biya masauki, ya biya ɗan jagora ɗaruruwan daloli, kifin Madison ya dubi ƙugiyarsa ya kau da kai. Babu jadawalin da zai duba, babu ofishin da zai kai ƙara. Amma saboda taurin kai irin na ɗan Adam baɗi sai ya dawo, har da abokai. Cunkoson kwale-kwale ya kai ga a 2020 sai da hukumar jihar ta zauna tana tsara dokar rage yawan masu shiga kogin, masu jagora na ihu, 'yan gari na ihu, har yau kuma rigimar ba ta kwanta ba. Su suka jawo wa kansu.